Kyamara a Hanyar Sabha

Ranar Litinin ce ranar tashi a Agadas. Da yamma motocin Hilux ke fita ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ɗauki mutum ashirin da wani abu a bayanta, ƙafafu na reto a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa don kada barci ya sace shi ya faɗo. An naɗe jarkokin ruwa da buhu, fuskoki sun sha rawani da tabarau. Daga nan sai Dirku, sai Sigidin, sai Madama, a tsallaka iyaka ta Tummo, a bi ta Gatrun, kafin a hango fitilun Sabha. A tashar da aka yi cinikin kuɗin mota, da teburin mai shayi a Dirku, da bayan motar kanta, Hausa na cikin harsunan da suka fi yawo. Amma in ka zauna ka lissafa fina-finan da suka nuna wa duniya wannan hanya, da wuya ka ji Hausar a bakin mai ba da labari. Tana can baya ana jin ta sama-sama, tare da ƙarar inji.

Sabha ba zango ba ce kawai. Ita ce babban birnin yankin Fezzan, fiye da kilomita 600 kudu da Tarabulus. A kan tudunta akwai ganuwar da Italiyawa suka gina, wadda hotonta ya daɗe a kan takardar dinari goma. A nan Mu'ammar Gaddafi ya yi makaranta har aka kore shi a 1961 saboda zanga-zanga, a nan kuma ya dawo ranar 2 ga Maris 1977 ya shelanta tsarin Jamahiriyya. Aulad Sulaiman da Gadadfa da Tubawa da Buzaye duk suna da unguwanni a garin, kuma tun faɗuwar gwamnati a 2011 zaman bai cika daɗi ba: faɗan Maris 2012 tsakanin Tubawa da Aulad Sulaiman ya ci rayuka fiye da ɗari, dakarun Khalifa Haftar kuma suka karɓe garin a Janairun 2019. A tsakiyar duk wannan akwai Hausawa, mutanen Tawa da Damagaram da Maraɗi, da na Kano da Katsina. Wasu lebura ne a wurin gini, wasu suna ban-ruwa a gonaki, wasu teloli, wasu masu shayi. Da yawansu ba Turai suka nufa ba. Ci-rani suka zo, kamar yadda iyayensu suka zo, a tara abin da aka tara a koma gida kafin damina ko kafin aure. Jami'ar garin ma ta yi suna a cikin jami'o'in ƙetare da suka koyar da Hausa.

Duniya ta san Sabha ne ta wata ƙofa dabam. A Afrilun 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta fitar da shaidar waɗanda suka tsira, suna ba da labarin yadda ake cinikin mutane a garin. A Nuwambar shekarar, Nima Elbagir ta CNN ta fito da hoton gwanjon da aka ɗauka a ɓoye kusa da Tarabulus, inda aka sallama samari a kan dala 400. Hoton ya girgiza taron shugabannin Afirka da Turai da aka yi a Abijan ƙarshen watan, aka shiga kwaso mutane da jirage. Sai kuma 2023, lokacin da Matteo Garrone ɗan Italiya ya fito da Io Capitano, labarin samari biyu 'yan Senegal da suka bi ta Agadas suka faɗa kurkukun azaba a Sabha. Fim ɗin ya ba Garrone kambun darakta a bikin Venice, ya ba yaron da ya ja fim ɗin, Seydou Sarr, kambun sabon ɗan wasa, ya kuma kai matakin ƙarshe na Oscar a 2024. Hamadar da aka gani a cikinsa ta Maroko ce, domin can aka ɗauka.

Ba na cikin masu cewa sharri aka yi wa Sabha. Abin ya faru, yana kuma faruwa. Shaidar da ta fi kusa ma ita ce sunan da ake kiran gidajen da ake tsare mutum har sai danginsa sun turo kuɗi: gidan bashi. Kalmar tamu ce, kuma ba a raɗa wa abu suna da harshenka sai ka daɗe kana cuɗanya da shi, ko a matsayin wanda aka tsare ko, abin takaici, a matsayin mai riƙe da mabuɗi. Abin da ke damuna shi ne, garin da mutum ya yi shekara goma yana ɗinki a cikinsa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya binne aboki, an taƙaita shi ya koma ɗaki ɗaya mai duhu. Baƙo in ya zo da kyamara, abin da ya firgita shi yake ɗauka. Mai ɗaki kuwa ya san inda ɗakin yake yoyo, ya kuma san inda ake shimfiɗa tabarma.

Alhali mun taɓa ba da labarin wannan hanya da bakinmu, a fim, tun kafin a haifi yawancin direbobin da ke bin ta yau. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, cikin littattafan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya. Labarin yaro ne da aka sace, ya faɗa hannun wani Balarabe da ya ƙetare hamada da shi ya rene shi har ya zama malami, da kuma labarin uwarsa da ta bi sawunsa, ta ratsa ta Murzuk, tsohon babban birnin Fezzan da ke kudu da Sabha, ta ƙare cikin bauta a Tarabulus. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976, da Hausa tsantsa, tsawonsa ya haura sa'a biyu, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977 a Legas. Daga nan fim ɗin ya yi ɓatan dabo. Shekara kusan arba'in ana jin sunansa ba a ganin sa, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos, ta ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa. Cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finan Berlin na 2018. Mutanen Jamus sun zauna sun kalli ayarin raƙuma da uwar Umar da kukanta, yayin da jikokin masu irin wannan labari a Kano da Bauci akasarinsu ba su taɓa sanin an yi fim ɗin ba.

Kafin Umar na littafi ma akwai yaro na gaske. Dorugu ɗan ƙasar Damagaram ne da aka kama yana ƙarami aka sayar. Adolf Overweg ya 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth suka hau hanyar Bilma da Murzuk zuwa Tarabulus a 1855, daga can har Ingila. Ya zauna ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912, yana aiki a makarantar Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda shi ma ya ratsa Fezzan a 1906. Yaro Bahaushe da ya ga hamada da teku da Landan da idonsa, ya kuma faɗi abin da ya gani da harshensa. Duk ƙasar da ta damu da abin da 'ya'yanta ke kallo, da tuni ta yi shirin yara kashi ashirin a kansa.

A ɓangaren fim ɗin gaskiya, wato wanda ake ɗaukar mutane a rayuwarsu ba wasa suke yi ba, Nijar ta sha gaban Arewacin Nijeriya nesa ba kusa ba. Tushen abin yana da sarƙaƙiya. Jean Rouch Bafaranshe ya shafe shekaru yana ɗaukar mutanen bakin kogin Kwara da 'yan ci-ranin da ke gangarawa Ankara da Abijan, har Ousmane Sembène ya taɓa zarginsa da kallon 'yan Afirka kamar mai nazarin ƙwari. Amma daga hannunsa aka samu Oumarou Ganda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin, wanda Rouch ya tsinta yana dako a Abijan ya sa shi a Moi, un noir na 1958. Ganda ya juya ya karɓi kyamarar da kansa, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara cin babban kambun FESPACO na Wagadugu a 1972. Wanda aka ɗauka jiya ya zama mai ɗauka yau, a cikin shekara goma sha huɗu.

Na fi son in daɗe a kan Moustapha Alassane, domin shi ne ya fi kusa da yara. Makanike ne tun asali. Tun yana saurayi yake yanka kwali yana haska shi da fitila a jikin bango, mutanen ƙauye su taru su kalli inuwa tana motsi. Ya samu horo a Kanada wurin Norman McLaren, ya dawo ya shiga zana kwaɗi. A gajeren fim ɗinsa Bon voyage Sim na 1966, kwaɗo ne shugaban ƙasa, ana yi masa faretin ban-girma. A Kokoa kuwa, kwaɗin ne suka shiga fili suna kokawa irin ta gargajiya, da makaɗa da 'yan kallo. La Mort de Gandji ya samu lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na Dakar a 1966. Alassane ya koma Tawa ya zauna, ya buɗe masauki, ya mai da wani sashensa ɗakin aiki, yana haɗa 'yan tsana da waya da tsumma har tsufansa. Ya rasu a Maris 2015, kuma bayan shekara biyu gidan adana fasahar zamani na New York ya shirya bikin nuna ayyukansa. Tawa fa, garin da samarinsa ke cika motocin Libiya. Mutumin ya nuna cewa ana iya yin katun a bakin hamada da abin da ke cikin kwandon shara.

Na bayansa sun ɗora. Sani Elhadj Magori ɗan Galmi ya yi fim a kan albasar garinsu, sannan ya yi Koukan Kourcia, inda ya ɗauki tsohuwar zabiyar da waƙoƙinta suka riƙa zuga samari su tafi ci-rani, ya kai ta Abijan don ta yi waƙar da za ta kira mahaifinsa ya dawo gida. Baƙo ba zai taɓa hango wannan dabara ba, domin sai wanda ya tashi a gidan da uba ya tafi bai dawo ba ya san cewa waƙa ce ta kore shi. Aïcha Macky 'yar Damagaram ta yi L'Arbre sans fruit a kan rashin haihuwa, ta fara da kanta da ciwon da take ɗauke da shi, fim ɗin ya ci kambun fim ɗin gaskiya na AMAA a 2016. A 2021 ta fito da Zinder, ta shiga unguwar Kara-Kara ta zauna da 'yan daba masu ɗaga ƙarfe da masu fasa-ƙwaurin fetur, suna magana da Hausa, ba mai fassara a tsakani. Suna ce mata abin da ba za su ce wa Bature ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ko da waƙar ta baƙin ciki ce.

Akwai wata hamada a ɗaya gefen duniya da ta bi irin wannan hanya, ta kuma yi nisa a kanta. A tsakiyar Ostareliya akwai garin Alice Springs, kewaye da jan rairayi da ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka shafe shekaru suna ɗaukar su hoto kamar kayan tarihi. A 1980 Freda Glynn da John Macumba da Philip Batty suka kafa ƙungiyar CAAMA, suka fara da rediyo cikin harsunan yankin, a 1988 kuma tashar talabijin ta Imparja ta fara aiki. A ƙauyen Yuendumu, kusan kilomita 300 daga garin, mutanen Warlpiri ba su ma jira lasisi ba. Da suka ji tauraron ɗan'adam zai fara zubo musu shirye-shiryen Turanci, suka tsorata da abin da zai sami harshen 'ya'yansu, suka kunna tasu 'yar tashar a 1985. Daga cikin abin da suka fara yi har da shirin yara mai suna Manyu Wana, ana koyar da ƙirga da haruffa da harshen Warlpiri, yaran ƙauyen ne kuma 'yan wasan.

Daga wannan ƙauye Francis Jupurrurla Kelly da David Batty suka fito da Bush Mechanics, wanda tashar ABC ta nuna a 2001. Ba wani abu ba ne illa samari da tsohuwar mota a daji. Taya ta fashe, babu ta canji, sai a cusa mata ciyawa a ci gaba da tafiya. Ƙarfe ya karye, sai a sassaƙa itace a maye gurbinsa. Ƙasar gaba ɗaya ta yi dariya tare da su, ta kuma ga basirarsu, har motar ta ƙare a gidan tarihi na ƙasa a Canberra. Duk wanda ya taɓa jin yadda direbobin Agadas ke lallaɓa mota a tsakiyar Tenere, inda kuskure ɗaya ke nufin ƙishirwa da mutuwa, ya san muna da irin wannan labari ninki goma. Ɗan Freda Glynn kuwa, Warwick Thornton, wanda ya koyi riƙe kyamara a CAAMA, gajeren fim ɗinsa Nana ya ci kambu a sashen yara na bikin Berlin a 2008, Samson and Delilah kuma ya ci kambun fim ɗin farko a Cannes a 2009. Daga ɗakin rediyo zuwa Cannes shekara ashirin da tara ne, tsawon tashin yaro ɗaya.

Ba basira kaɗai ta kai su ba, akwai hannun hukuma. A 1982 aka kafa gidauniyar shirye-shiryen talabijin na yara ta ƙasar a ƙarƙashin Patricia Edgar, da kuɗin gwamnatin tarayya da na jihohi, kuma shekaru da dama doka ta tilasta wa tashoshin kasuwa su nuna shirin yara na gida. A irin wannan ƙasa mai taki katun ɗin Bluey ya tsiro a Brisbane a 2018, ya ci Emmy, ya mamaye duniya. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne Little J & Big Cuz na 2017, katun a kan yara 'yan asalin ƙasar da ke shirin shiga makaranta, wanda aka sake ɗaukar muryoyinsa cikin harsuna irin su Pitjantjatjara da Arrernte, ya kuma ci kambun Logie a 2018. Wasu daga cikin harsunan nan masu jin su ba su wuce 'yan dubbai ba. Hausa kuwa miliyoyi nawa ne?

Ba a ce ba mu taɓa gwadawa ba. Nijar ta fara koyar da yara ta talabijin tun 1964, tana cikin ƙasashen farko a Afirka. NTA ta yi Tales by Moonlight, an kuma mai da Sesame Square na 2011 zuwa Hausa da sunan Dandalin Sesame, da tallafin Amurka. AREWA24 da ta buɗe a 2014 ta nuna cewa shirin Hausa mai inganci yana da kasuwa, Daɗin Kowa ya ci kambun AMVCA a 2016. Sai dai yawancin abin da aka yi wa yara da kuɗin baƙi aka yi shi, ranar da tallafi ya ƙare shiri ya tsaya. Kannywood kuma, tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa fina-finai masu dogon zango na YouTube, ta bi inda kuɗi yake, wato soyayya da rikicin gida. Ban ga laifin ɗan kasuwa ba. Laifin yana wuyan gwamnatocin jihohi da ke da gidajen talabijin, da attajiran da ke iya kashe miliyoyi a biki ɗaya amma ba su taɓa tunanin ɗaukar nauyin katun na minti biyar ba.

Yaron da aka haifa wa Bahaushe a Sabha shi ya fi kowa shan wannan rashi. A titi Larabci yake ji, a talabijin katun ɗin Spacetoon da MBC3 yake kallo da Larabci, a wayar babansa kuma fim ɗin Indiya ne da aka fassara da Hausa, wanda ba don shi aka yi ba. In iyayensa ba su da takardu, shiga makaranta ma aiki ne. Larabcin alheri ne gare shi, zai ci abinci da shi. Amma babu inda zai ga yaro irinsa, mai kaka a Tawa da aboki Batube a maƙwabta, yana magana a allo. Su ma yaran da aka bari a gida haka. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamadar arewacin Arlit, kan hanyar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, akasari daga yankin Kance. Yaran da suka rage a waɗannan ƙauyuka sun cancanci wani ya zauna ya yi musu bayanin hamada da harshensu, ba da tsoratarwa irin ta tallan ƙungiyoyi ba, da labari irin na kaka.

Tun da sojojin Nijar suka soke dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, a Nuwambar 2023, motocin Litinin sun koma fita a bainar jama'a. Kusan kowa a bayan motar yana da waya mai kyamara. Suna ɗaukar rijiyar da aka tsaya, da yaron mota kwance a ƙarƙashin inji, da sallar da aka yi da taimama, da tukunyar taliya a ɗakin da mutum goma ke kwana a Sabha. Suna turawa gida ta WhatsApp, uwa ta kalla ta ce Allah ya tsare, ƙanne su karɓi wayar su sake kallo. Ba mai tara waɗannan hotuna, ba jami'ar da ta buɗe musu ma'aji ko irin na Jos, inda Shaihu Umar ya kwana shekaru cikin ƙura amma dai ya kwana. Idan wayar ta cika, su ake fara gogewa.